Jama'a wace irin lamba ce wannan 2147483647, ta cinye min lambobin wayar mutane

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku zo ku fid da ni, tun jiya kaina ya ɗaure. Wata 'yar manhaja na haɗa wa islamiyyar unguwarmu ta rijistar ɗalibai, suna da aji da lambar wayar uba ko uwa, shikenan ba wani abu mai wahala ba, na zauna na shigar da yara sun fi tamanin, da na buɗe in duba sai na tarar duk iyayen lambar wayarsu ta koma iri ɗaya, 2147483647. Kowa da kowa fa. Na goge na sake shigarwa, ita ce dai. Har na fara tunanin ko kutse aka yi min, to amma wa zai yi wa rijistar islamiyya kutse?

Injiniyan Samaru: Wa alaikumus salam. Hhhh ƙanena ba wanda ya yi maka kutse, kai ka yi wa kanka. Ka ajiye lambar waya a gurbin lambar lissafi ne maimakon gurbin rubutu. Gurbin nan bit 32 gare shi, wato ɗakuna 32 kowanne ko 0 ko 1, ana ware ɗaki ɗaya don a san lambar sama da sifili take ko ƙasa, saura 31. In ka cika duka 31 ɗin da 1, abin da za ka samu shi ne 2,147,483,647, ba ya wuce nan. Lambobinmu kuma in ka cire sifilin farko na 070 ko 080 ko 090 ai sun zama biliyan bakwai, takwas, tara da wani abu, sun fi ƙarfin mudun, shi ne ya aske su daidai baki.

Maman Ilham: Ni dai ban gane komai ba a nan. Ya za a yi 1 guda talatin da ɗaya su zama biliyan biyu? Ku yi mana da Hausar kasuwa.

Malam Mai Alli: 'Yata bari in gwada, shekara talatin na yi ina cin alli a aji, kila zan iya. Ki ɗauka kin shiga wani adashi, ranar 1 ga wata za ki zuba kwabo ɗaya, ranar 2 kwabo biyu, ranar 3 kwabo huɗu, kullum ninkin na jiya, har ranar 31. Nawa kike ganin kin zuba gaba ɗaya?

Maman Ilham: Kwabo fa Baba? Ai ko dubu biyar ba za ta kai ba, kwabon da yanzu ko almajiri ba ya karɓa.

Malam Mai Alli: To ki riƙe zaninki. Ranar 11 za ki zuba kwabo 1,024, naira goma da 'yan kai, har nan dariya kike. Ranar 21 kwabo 1,048,576, ya haura naira dubu goma. Ranar 31 kaɗai zubinki kwabo 1,073,741,824 ne. In an tara na watan duka, kwabo 2,147,483,647 cif, wato naira 21,474,836 da kwabo 47. Kowane ɗaki cikin 31 ɗin da Injiniya ya faɗa rana ɗaya ce a adashin nan. A rubuce muna cewa 2^31 − 1, wato 2 sau 2 sau 2 har guda 31, a cire ɗaya.

Maman Ilham: Innalillahi. Uwar adashin nan ai sai a ɗaure ta.

Malam Mai Alli: Amma abin da ya sa na tsoma baki ba wannan ba ne. Ɗan Kurna, lambar da ta hana ka barci ba ƙaramar lamba ba ce a wurin masu lissafi, tun kafin a yi mafarkin kwamfuta suke girmama ta. Ba ta rabuwa. Duk girman nan nata babu lambar da za ta raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, kamar dai 7 ko 13 ko 31. Ni a aji gagara-rabo nake ce musu don yara su riƙe.

Almajirin Katsina: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, gagara-rabo ta zauna. Larabawa adadi awwali suke cewa, wato lamba ta asali, don da su ake gina sauran.

Sarkin Musu: Ahaf. Ai dama na san ba banza ba. Shi ya sa masu ƙera kwamfuta suka zaɓe ta ta zama iyaka, saboda ba ta rabuwa, tsaro ne. Turawa ba sa yin abu haka kawai.

Injiniyan Samaru: A'a Sarki, nan ka kauce. Ba wanda ya zaɓe ta. Bit 32 aka zaɓa, ita kuma ta faɗo a bakin ƙofa. Ga hujja, na bit 16 iyakarsa 32,767 ne, kuma 7 sau 31 sau 151 ke nan, yana rabuwa. Na bit 64 da ake yayi yanzu iyakarsa 9,223,372,036,854,775,807, shi ma 7 tana raba shi, 73 tana raba shi, 127 ma haka. In da gagara-rabo ake nema ai da ba a koma wannan ba. Na bit 8 ne ya sake dacewa da 127. Dace ne kawai.

Sarkin Musu: Dace har sau biyu? Ni ban yarda da dace a lissafi ba.

Ɗan Kurna: Ku tsaya ni ma na ɗauko kalkuleta. Wutiri ce tunda da 7 ta ƙare, 2 ba ta shiga ke nan, 5 ma ba ta shiga. Na tara lambobinta 2+1+4+7+4+8+3+6+4+7 ya ba ni 46, 3 ba ta raba 46 ba, 9 ma haka. Amma ga wani abin mamaki, na raba da 3 saura 1, da 7 saura 1, da 9 saura 1, da 11 saura 1, da 31 ma saura 1. Malam wannan ɗayan da ke ta bina fa?

Malam Mai Alli: Madalla da ɗalibi, ka ga abin da ido. Maƙwabciyarta ta ƙasa ce ta kwashe masu rabon duka. 2,147,483,646 daidai take da 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331, ka buga ka gani. To duk wadda ta raba waccan ba saura, in ta zo kan tamu dole ɗaya ya yi ragowa. Gida biyu katanga ɗaya, wancan cike da baƙi, wannan ko sallama ba a yi. Kuma ba ta da tagwai, ka san akwai gagara-rabo masu zuwa biyu-biyu kamar 11 da 13, ko 29 da 31, ita in ka ƙara mata 2 ka samu 2,147,483,649 wadda 3 ke rabawa, in ka rage 2 ta ƙare da 5.

Sarkin Musu: To ai na gano sirrin, abin ba wuya. 31 gagara-rabo ce shi ya sa 2^31 − 1 ta zama gagara-rabo. 2^3 − 1 = 7, 2^5 − 1 = 31, 2^7 − 1 = 127. Kun gani? Duk wadda ka ɗora a sama in ba ta rabuwa, amsar ma ba ta rabuwa. A ba ni satifiket ɗina.

Na Maraɗi: Sarki gwada 11 mu gani. Tun muna lakwal malaminmu ya kama mu da wannan tarkon.

Sarkin Musu: 2047. Ba ta rabuwa da 3, ba ta rabuwa da 7, ba 11, ba 13. To?

Na Maraɗi: 23 sau 89.

Sarkin Musu: Kai. Haka ne kuwa.

Malam Mai Alli: Kar ka ji kunya Sarki, ramin da ka faɗa manya sun riga ka. Rabin maganarka gaskiya ce, in ta saman tana rabuwa to amsar ma dole ta rabu, shi ya sa 2^15 − 1 da 2^63 − 1, wato iyakar bit 16 da bit 64 na Injiniya, suka faɗi. Amma in ta saman ba ta rabuwa, takara kawai ta samu, ba ta ci zaɓe ba. 11 ta faɗi, 23 ta faɗi don 47 na raba 8,388,607, 29 ma ta faɗi. Irin waɗannan lambobi da sunan wani limamin kirista Bafaranshe ake kiransu, Marin Mersenne, a 1644 ya fitar da jerin waɗanda ya ce sun ci: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127, 257. Ya yi kuskure a 67 da 257, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Na 67 ɗin nan sai 1903 wani Ba'amurke Frank Nelson Cole ya fito da masu raba ta a taron masana lissafi a New York, 193,707,721 sau 761,838,257,287, da hannu ya yi. A 31 kuwa Mersenne ya dace, ita ce ta takwas a jerin na gaskiya, sai dai faɗa ya yi, bai kawo hujja ba.

Maman Ilham: To Baba wa ya zauna ya gwada lambobi biliyan biyu ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar? Ko dai an faɗa ne kowa ya yi shiru don ba mai iya bincikawa? Ni a kasuwa ko buhun shinkafa sai na soka.

Malam Mai Alli: Wannan ita ce tambayar da nake jira tun ɗazu. Leonhard Euler ne ya tabbatar a 1772, mutumin Suwizalan ne amma a Rasha yake zaune lokacin, a Saint Petersburg, kuma a shekarun nan idonsa ya riga ya tafi kusan gaba ɗaya. Bai gwada biliyan biyu ba, wayo ya yi hawa uku.

Na farko, in lamba tana rabuwa to masu rabon biyu-biyu suke zuwa, ƙarami da babba, kamar 23 da 89, kuma ƙaramin ba zai wuce lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kai wurin ba. 46,341 sau 46,341 ya ba da 2,147,488,281, ya riga ya haura tamu. Ke nan in ka bincika har 46,340 ba ka samu ba, ka gama, babu. Daga biliyan biyu mun sauko dubu arba'in da shida.

Na biyu, tun kafin shi wani masanin lissafi Bafaranshe, Fermat, ya nuna cewa duk gagara-rabon da za ta raba 2^31 − 1 sai ta kasance ninkin 62 da ɗaya a kai, wato 31 biyu. Ku duba 2047 na ɗazu, 11 biyu 22 ne, 23 ita ce 22 da ɗaya, 89 kuma 22 sau huɗu da ɗaya. Ba dace ba ne wannan Sarki, doka ce. Da wannan masu takara sun koma ɗari bakwai da 'yan kai.

Na uku nasa ne, ya nuna mai rabon in aka raba ta da 8 dole saura ya zama 1 ko 7. In ka haɗa da na biyu sai ya zama ninkin 248 da 1 a kai, ko ninkin 248 da 63 a kai. Abin da ya rage bai kai 400 ba, kuma yawancinsu su kansu suna rabuwa, ba sai an gwada su ba. 63 ta fita, 249 ta fita don 3 sau 83 ce, ta farko da za a gwada da gaske ita ce 311.

Ɗan Kurna: Na gwada 311, ya ba ni 6,905,092 saura 35. Ba ta shiga ba.

Malam Mai Alli: To ka fara aikin Euler ke nan, ta gaba 1,303, in ka yi haƙuri kafin la'asar ɗin gobe ka gama da kalkuletarka. Ni abin da ke burge ni ke nan, ba girman lambar ba, yadda aka mai da aikin da ya fi ƙarfin rayuwar mutum ya koma na 'yan kwanaki. Kusan shekara ɗari ita ce gagara-rabo mafi girma da ɗan Adam ya sani, sai a 1867 aka samu wadda ta fi ta.

Injiniyan Samaru: Malam in ƙara, yanzu ma ba a yin rabon ko kaɗan. Akwai gwajin Lucas da Lehmer, ka fara da 4, ka ninka ta da kanta ka cire 2, ka raba da lambar da kake gwadawa ka riƙe saura, ka maimaita. Misali 31, wato 2^5 − 1, sau uku za ka yi: 4 ta zama 14, 14 ta zama 194 saura 8, 8 ta zama 62 saura 0. In ka ƙare a sifili gagara-rabo ce. Na 2047 sau tara ne kuma a 1736 yake ƙarewa, ta faɗi. Tamu sau 29 kacal, ko ƙaramar waya kafin ka ƙifta ido ta gama. Lucas da irin wannan dabarar ya tabbatar da 2^127 − 1 a 1876 da hannu, lamba mai gurbi 39. A Oktoban 2024 kuma wani Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na Nvidia, ya gano 2^136,279,841 − 1, gurbinta 41,024,320, ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne.

Maman Ilham: Gurbi miliyan arba'in da ɗaya, to a yi me da ita? A ci ko a sha?

Almajirin Katsina: Hajiya ai ba yau aka fara wannan tambayar ba. Amma bari in kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba, cikakkiyar lamba, adadi tammi. Ita ce wadda in ka tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai su dawo maka da ita. 6 ita ce 1+2+3, 28 ita ce 1+2+4+7+14, sai 496, sai 8,128. Tun zamanin Yunanawa Iƙilidis ya nuna duk gagara-rabon irin wannan tana haifar da cikakkiya ɗaya, 3 ta haifi 6, 7 ta haifi 28, 31 ta haifi 496. Malaman musulunci sun yi aiki sosai a nan, Ibnul Haisam ya yi rubutu a kai. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba wajen wasa da lambobi, Muhammad al-Kashinawi ɗan Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741 ya yi rubutu a kan yadda ake gina hatimi mai gidaje wutiri, kowane layi jimla ɗaya, zamani ɗaya suka yi da Euler.

Malam Mai Alli: Haka ne Malam. Ita tamu ɗiyarta 1,073,741,824 sau 2,147,483,647, wato 2,305,843,008,139,952,128, cikakkiya ta takwas. Wani Bature ɗan Ingila Peter Barlow a 1811 har ya rubuta cewa ita ce mafi girma da za a taɓa ganowa, don a ganinsa abin sha'awa ne kawai ba shi da amfani, ba wanda zai wahalar da kansa ya wuce nan. Kin ga Maman Ilham kina da ɗan'uwa a Ingila. Ita kanta uwar kuwa a wannan ma'auni matalauciya ce ta ƙarshe, masu raba ta in an cire ta 1 ne kawai.

Akwai wani rukunin kuma, ka ɗora 5 a sama ka samu 31, ka ɗora 31 ɗin a sama ka samu 2,147,483,647, wato Mersenne a kan Mersenne. Irin wannan huɗu kawai aka sani: 7, 127, tamu, da 2^127 − 1. In ka ce bari ka ɗora tamu a sama ka ci gaba, an riga an samo masu raba abin da zai fito, zuriyar ta tsaya.

Na Maraɗi: Malam ni wanda ya ba ni mamaki shi ne na murabba'i, wato lamba sau kanta, kamar 9 da take 3 sau 3. An ce kowace lamba ana iya rubuta ta da murabba'i huɗu, Lagrange ya tabbatar a 1770. Wasu biyu sun ishe su kamar 13 da take 4+9, amma duk wadda aka raba da 8 ta bar saura 7 sai an ba ta huɗu cif, kamar 7 da take 4+1+1+1. Na duba 647 na ƙarshenta, 8 sau 80 ne saura 7. Ke nan ita ma ba ta karɓar uku. Taurin kai ta ko'ina.

Sarkin Musu: Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya ce min rashin rabuwarta bai taɓa yi wa kwamfuta amfani ba. Injiniya ka rantse.

Injiniyan Samaru: Ba zan rantse ba, don a nan kana da 'yar gaskiya. Akwai hanyar da kwamfuta ke fitar da lambobin ƙuri'a, irin na wasanni da gwaje-gwaje, Park da Miller suka yaɗa ta a 1988. Ka ɗauki lamba ka ninka da 16,807 ka raba da 2,147,483,647 ka riƙe saura, shi ne lamba ta gaba. Saboda ba ta rabuwa, kuma an zaɓi 16,807 da kyau, sai ya zagaye lambobi 2,147,483,646 duka kafin ya maimaita ko ɗaya. Amma ka lura, tarar da ita suka yi a bakin ƙofa suka ce alhamdulillahi suka mora, ba don haka aka yi ƙofar ba.

Sarkin Musu: Ni dai na ji "kana da gaskiya", sauran ban gani ba.

Injiniyan Samaru: Hhhh Allah ya shirye ka. Illarta ma ta fi amfaninta yawa a wurinmu. A 2014 sai da YouTube suka koma bit 64 saboda waƙar wani ɗan Koriya ta Kudu da masu kallonta suka doshi wannan iyaka. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka ta ba da umarni a riƙa kashe wutar Boeing 787 ana kunnawa kafin ya cika kwana 248 a kunne, in ka ƙirga ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa sau 2,147,483,647 kwana 248 da rabi ne. Babbar kuma tana gaba, na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga 1 ga Janairu 1970, ƙirgen zai cika ranar 19 ga Janairu 2038 da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar, duk wadda ba a gyara ba daƙiƙa ɗaya bayan nan za ta ce ana Disambar 1901.

Maman Ilham: 1901 ai ko Turawa ba su ci Kano ba.

Almajirin Katsina: Sai a 1903 ma suka ci ta. Ni kuma na yi nawa lissafin, a zamanin wuri keso ɗaya wuri 20,000 ne, to wannan lamba keso 107,374 ce da wuri 3,647 a hannu. Kakanninmu malala gashin tunkiya kawai za su ce su wuce.

Ɗan Kurna: Na gode ƙwarai jama'a, Malam Allah ya ƙara lafiya. Na mai da gurbin na rubutu, na gwada da lambata ta zauna har da sifilinta. Injiniya yanzu ya zan yi in dawo da lambobin iyayen na asali, akwai wani umarni da zan buga?

Injiniyan Samaru: Babu ƙanena, abin da ya zube daga mudu bai shiga ko'ina ba. Ina fom ɗin takarda da suka cike?

Ɗan Kurna: Suna ofishin hedimasta a kwali, kuma ya tafi ɗaurin aure Gumel da makullin sai ranar Asabar.

Sarkin Musu: Kafin Asabar sai ka ƙarasa aikin Euler, 1,303 na jiranka.